Tsaftace tsohuwar rediyo da talabijin da hayaƙi ya ɓata

Hayaƙin janareto da na itacen girki na iya fin ƙurar hunturu ɓarna. Baƙin maiƙo yake bari a kan allon cikin na'ura, da damina ya ja laima, ƙafafun ƙananan kayan da ke kan allon su yi tsatsa, wuta ta riƙa tsallakawa.

A zare waya daga soket tukuna. Talabijin mai ƙeya kuwa a bar wa gwani, domin tana riƙe wuta ko an kashe ta. A kaɗe ƙura da burushi mai laushi, a goge da auduga da sinadarin isopropyl (ruwan goge kayan lantarki mai saurin bushewa) mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Ban da fetur, cin roba yake. Kada a kunna na'urar sai ta kwana ta bushe.