Neman shawara: karon farko zan je wurin mai tausa, me zan tarar?

Maman Nana, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan an yi Sallah lafiya. Ni tela ce, shekarata goma sha ɗaya a kan keke. Ɗinkin Sallar bana ya bar ni da ciwo: kwana ashirin na ƙarshen azumi ban kwanta kafin ƙarfe uku na dare ba, in an ɗauke wuta kuma sai in koma keken ƙafa. Yanzu kwankwasona da tsakanin kafaɗuna sun ɗaure kamar an sa igiya an ja. In na yi ruku'u sai na dafa gwiwa sosai kafin in miƙe. Na sha parasetamol, na shafa Robb, na sa ɗiyata ta taka mini baya. Yakan lafa da dare, gari na wayewa ya dawo.

Ƙanena ya ba ni kuɗi ya ce in je a yi mini tausa irin ta zamani. Na ga wata mata tana talla a WhatsApp, amma ban taɓa zuwa ba, kuma kunya ta hana ni tambayarta. Yaya ake ɗaukar randebu, sai an tura kuɗi tukuna? Tufafi fa, dole sai an cire duka? Minti nawa ake yi, kuma da zafi? Maigida ya yarda, sharaɗinsa ɗaya, mace ce za ta yi. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya.

Hajiya Rabi, unguwar Ali Ɗan Sofo:

Wa alaikumus salam Maman Nana, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Ni ina zuwa lokaci-lokaci tun da na yi fama da wuya, bari in faɗa miki yadda nake yi. Kira za ki yi, kada ki tsaya a rubutu, don daga muryar mutum da yadda yake amsa tambaya ake gane ko ya san aikinsa. Ki tambaye ta ina ta koya, ita da kanta za ta yi ko yarinyarta, nawa ne rabin awa nawa ne awa guda, ɗakin yana da ƙofa mai rufuwa ko labule ne kawai, sannan wane mai take shafawa. Wadda ta san abin da take yi ba ta jin haushin tambaya, ita ma sai ta juyo ta tambaye ki: ina ke ciwo, tun yaushe, kina da ciki, kina da tansiyo ko ciwon suga, wane magani kike sha. In ba ta tambaye ki ko ɗaya ba, daga gaisuwa sai "turo kuɗi", ki nemi wata.

Maganar tufafi, kwantar da hankalinki. Ba a yi wa kowa tsirara. Za ta fita ta ba ki wuri, ki cire riga ki ɗaura zane, ki kwanta rub da ciki, ta lulluɓe ki da tawul ko wani zanen. Wurin da take aiki kaɗai take buɗewa, in ta gama ta rufe ta koma wani. Ni da zanena nake zuwa, da siket na ciki, kuma ban taɓa cire shi ba. In kin ce kafaɗa da baya kawai, to nan za ta tsaya. Jikinki ne, kuɗinki ne. Ki cire sarƙa da 'yan kunne tun a gida, kada ki ci tuwo ki ƙoshi ki tafi, kwanciya a kan cikakken ciki wahala ce, kuma ki zaga bayi kafin a fara. Wadda nake zuwa wurinta jaka biyar take karɓa a awa guda, amma kowa da farashinsa, ki ji naki tun a waya.

Maman Khalil, Bagalam:

Kan batun kuɗin nan zan yi magana, don ni an taɓa cuta ta. Wata ce ta ce tana zuwa har gida, na tura mata jaka uku na kama layi, ranar na share ɗaki na kai yara gidan maƙwabta, na zauna jira har la'asar, daga nan lambar ta daina shiga. Ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba, yinin da na rufe shago ne. Ki fara zuwa ki ga wurin da idonki, ki duba ko ana canza zanen gado bayan kowane mutum, ko tana wanke hannu, ko farcenta a yanke yake. Sannan ki biya.

Inna, Tibiri:

Ɗiyata sannu da jiki. Mu da munka tashi ba mu san wani randebu ba. Mace in ta gaji da daka ko ta haihu, tsohuwa ce za ta zo da man kaɗe, ta ɗumama shi a tafin hannu, ta bi baya tana murzawa har mace ta yi barci. Wanga aiki ba baƙo ba ne gare mu, gado da ƙamshi kawai anka ƙara mishi. Amma ki sani tausa sai da zafi take magani. In ba ki ji ƙashi ya yi ƙara ba, ba a kai ga ciwon ba. Ki daure, kada ki yi raki.

Malam Issufu, kine (ma'aikacin lafiya mai gyaran tsoka da gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki):

Inna, Allah ya ƙara girma, maganarki ta man kaɗe da ɗumin hannu gaskiya ce, har yau ba mu da abin da ya fi su. Amma a ba ni izini in saɓa miki a wuri ɗaya, don shi ne kuskuren da na fi gani a wurin aiki. Zafi iri biyu ne. Akwai wanda mutum zai ji an danna daidai inda ke damunsa, ya sauke numfashi ya ce "yauwa, nan ne". Akwai kuma wanda ke sa a cije leɓe, a riƙe numfashi, a ƙanƙame katifa. Na biyun ɓarna yake yi, domin tsoka in ta ji azaba ƙara ɗaurewa take don ta kare kanta, washegari a tashi da kumburi. Ƙarar da ake ji kuwa daga gaɓa take fitowa, kamar yadda mutum ke ƙas da yatsunsa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Saboda haka Maman Nana, raki a nan halal ne. "Sassauta", "ƙara kaɗan", "bar nan", waɗannan kalmomi su ne rabin aikin, mai tausa ba ta cikin jikinki.

Kafin ki je ina da tambayoyi, ki amsa mini tsakani da Allah. Ciwon yana sauka cikin ƙafa har ƙasan gwiwa, kamar wutar lantarki? Ƙafa tana mutuwa ko tana rasa ƙarfi, takalmi ya zame ba ki sani ba? Fitsari ko bayan gida ya taɓa kufce miki, ko wurin zama ya mutu? Akwai zazzaɓi, zufar dare, rama ba dalili, ko tari da ya daɗe? Kin faɗi ko kin yi haɗari? In ɗaya daga ciki ya zama e, likita za ki fara gani, ba mai tausa ba. Na kufcewar fitsari da mutuwar wurin zama ma ba ya jiran gobe, asibiti ne a ranar. Ina nanata zazzaɓi da rama ne saboda tarin fuka yana kama ƙashin baya, ana ganinsa a ƙasar nan, kuma ƙashin da ya ci ba ya son dannawa, balle takawa. Don haka ki daina sa yarinya ta hau bayanki.

Ga sauran 'yan uwa masu karantawa: ba a tausa a kan rauni, ƙuna, ƙurji, ƙazuwa ko makero, ba a yi wa mai zazzaɓi, ba a danna jijiyoyin ƙafa da suka kumbura suka murɗe. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, da mai ciki, su tambayi likitansu tukuna. Mai ciwon suga ya kiyayi gashi da ruwa mai zafi sosai, ƙafarsa tana iya ƙonewa bai ji ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, ta yi ɗumi, musamman ga maijego, ko wanda aka yi wa aiki, ko wanda ya yi doguwar tafiya a zaune. Yana iya zama gudan jini ne a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan ƙafar kada kowa ya taɓa ta.

Maman Nana:

Na gode Malam, Allah ya saka. Babu ko ɗaya a ciki. Ciwon bai wuce ƙugu ba, ƙafafuna lafiya lau, ba zazzaɓi, ba ciki, ɗan autana shekararsa huɗu. Tansiyo kuma an auna ni kafin azumi an ce daidai yake. Abin da na lura, in na tashi na yi 'yar tafiya yakan sassauta, in na koma kan keke ya dawo. Wata ta ce in sayi bel ɗin ɗaure ƙugu, wata kuma ta ce tramol. Yaya ka gani?

Malam Issufu:

To alhamdu lillahi, wannan ya yi kama da gajiyar tsoka ta dogon zama a sunkuye, kuma irinsa mafi yawa yakan yi sauƙi cikin 'yan satuttuka. Ki je tausarki. Amma bel da tramol a'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a shekarar 2020 mutum wajen miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma a watan Disamba na 2023 ta fitar da jagora kan wanda ya wuce wata uku. Tausa tana cikin abin da ta ce ana iya yi, tare da motsa jiki da wayar da kan majinyaci. Bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin tramol suna cikin abin da ta ce kada a riƙa ba mutane. Tramol kuwa kowa a garin nan ya ga yadda ya mai da samarinmu.

Kada ki sa ran zama ɗaya zai goge shekara goma sha ɗaya. Tausa tana kwance tsoka, ta rage ciwo na wasu kwanaki, ta ba ki barci. Ba ta fitar da wata guba daga jiki, duk mai faɗa miki haka talla yake yi. Maganin da zai daɗe yana shagonki: kujera mai jingina, ƙaramin matashi a ƙugu, fitila kusa da allura don ki daina kai fuska, kuma duk rabin awa ki miƙe ko da zuwa randa ne ki dawo. In sati shida ya wuce ba sauƙi, ki ga likita, shi zai duba ya rubuta miki zuwa wurin kine in da bukata.

Hajiya Rabi:

Na manta abu biyu. In an gama kada ki zabura ki miƙe, ki juya gefe, ki zauna kaɗan, wasu jiri yakan ɗebe su. Kuma washegari za ki iya jin jiki ya yi tsami kamar kin yi surfe, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ki sa tsohuwar riga, mai yana ɓata atamfa. In fatarki ba ta son turare ki tafi da man kaɗenki ko man zaitun, ba wadda za ta hana ki.

Inna:

To Malam na ji, ilimi kogi ne. Jikata ma da ta haihu ƙafarta guda ta kumbura, Allah ya sa ungozoma ta ce a kai ta likita, ba mu murza ba. Ɗiyata ki bi maganarshi. Amma man kaɗen dai ki tafi da shi.

Maman Nana, bayan kwana biyar:

'Yan uwa na je jiya bayan azahar. Ba wurin mai tallar ba, ita da na tambaye ta inda ta koya sai ta ce in turo kuɗi kawai. Wata ce maƙwabciyata ta kai ni, na fara zuwa na ga ɗakin ranar Talata. Ta zaunar da ni ta yi mini kusan duk tambayoyin Malam, ta rubuta a littafi. Gadon siriri ne mai rami wurin fuska, ta shimfiɗa sabon zane a gabana, ta fita na shirya, sai da ta ƙwanƙwasa sannan ta shigo. Man kaɗen Inna na ba ta, ta narka shi a tafinta. Da farko shafa ce kawai, doguwa, daga ƙugu zuwa wuya, har na fara jin kamar ba abin da take yi. Can ta kai babban yatsa gefen allon kafaɗata ta dama, hannun da nake juya keke da shi, ta tarar da wani ƙulli kamar ƙwallon dabino. Na ji na riƙe numfashi, sai na tuna, na ce "sassauta". Ta sassauta nan take, ta ce in ja numfashi in sake a hankali, ta tsaya a wurin ba ta motsa ba har na ji ya saki. Minti arba'in da biyar muka yi, ƙafafuna a rufe tun daga farko har ƙarshe.

Yau jikin da ɗan tsami kamar yadda Hajiya ta ce, ƙugun ma bai bari duka ba, amma na yi sallar asuba ban dafa gwiwa don miƙewa ba. Na ba kafinta aikin kujera mai jingina. Malam, tsayinta fa, daidai ina ya kamata ta kai in na ɗora ƙafa a kan fedar keke? Kafintan ya ce in kawo mishi awo kafin Juma'a.