Wai haka ake sauya wa runduna kwamanda?

Sani Mai Caji: Jama'a a yi min alƙalanci. Jiya da daddare a shagona muka buga gem ɗin Yaƙin Duniya na Biyu, Hearts of Iron IV, da Habu. Na matse shi, kawai sai ya kwashe dibishan, wato rukunin sojoji, har goma daga hannun wani janar ya danƙa wa wani, ko minti ɗaya ba a yi ba. Ba bore, ba wanda ya ce uffan. A wane yaƙi aka taɓa haka? Mayaƙi mutum suke bi. A yaƙin Turawa na 1903 da Sarkin Kano Alu ya gudu ya bar rundunarsa ai rabewa ta yi: Waziri Ahmadu ya tsaya aka kashe shi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya juyo Kano da jama'a.

Habu: An ci ka, ka dawo kana wa'azi. Wasan yana da doka, janar ɗaya dibishan 24, in ka ɗora masa fiye da haka ƙarfinsa raguwa yake yi. Kuma sojan 1940 albashi yake ci, da takarda ake tura shi.

Malam Ado Takai: Sani, janye kalmar nan. Alu bai gudu ba, hijira ya yi.

Yusha'u Haɗeja: Hijira cikin dare, ko sallama babu? Namu Sarki Muhammadu a 1906 cikin garinsa ya tsaya har Turawa suka kashe shi.

Malam Ado Takai: Kai yaro, ka san wa kake magana a kansa? Mutumin da ya karɓi ragamar Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu a yaƙin Basasar Kano, bayan rasuwar Yusufu a 1894, ya shiga Kano da yaƙi, ya fitar da Sarki Tukur. A garinmu aka haɗa rundunar nan. Shi ne zai ji tsoro?

Habu: Yauwa, Allah ya saka, Malam! Kun ga an sauya kwamanda ana tsakiyar yaƙi kuma runduna ba ta watse ba.

Sani Mai Caji: Ai Alu ɗan'uwan Yusufu ne, su biyun 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ne, kuma sai da manyan tafiyar suka yarda. Kai wa ka shawarta kafin ka danna?

Yusha'u Haɗeja: Ni dai a amsa min. Sarkin Musulmi Attahiru shi ya yi hijira, ya yi shahada a Burmi. Alu a Gobir aka kama shi, a Lokoja ya rasu a 1926.

Malam Ado Takai: Kakana ya ba ni labarin nan da bakinsa. Ku da kuka yi wa Sakkwato tawaye zamanin Sarkin Haɗeja Buhari, ku ne za ku koya mana hijira?

Ɗan Inna: Don Allah wasan yana hawa waya? A turo min.

Habu: Sai kwamfuta. Sani, tunda gaskiya ake so, ka faɗa musu sola ta ɗauke sau biyu, kuma duk lokacin da nake kan ci ne.

Sani Mai Caji: Mai bashin caji tun kafin a cire gyaɗa shi ne yake zargin sola? Kawo kuɗina tukuna.

Habu: Abin har da tonon asiri?

Yusha'u Haɗeja: Malam, da girmanka, amma labarin kaka ba hujja ba ne.

Malam Ado Takai: To na Bature ne hujja?

Shugaban zaure, Lawan Garko: Ya isa haka. Abin da na fahimta: kowa ya yarda Sarki Alu hijira ya yi, illa mutum ɗaya, shi ma mun san inda ya fito. Yusha'u ka ba Malam haƙuri. Maganar gem kuwa Sani ne da gaskiya, don Habu bai kawo wata hujja ba. Na rufe.

Yusha'u Haɗeja: Kowa wa? Ku uku ne, kuma duk Kanawa.

Habu: Shugaba kyauta yake caji a shagon Sani, kowa ya sani.