Me ya faru da 'yan Sikh a Delhi a 1984?

Ɗalibi_a_Delhi:
Jama'a, wani dattijo mabiyin addinin Sikh da nake sayen shayi a wurinsa ya ce min a 1984 mahaifiyarsa ta aske masa dogon gashinsa da almakashi, tana kuka, don kada a gane shi. Maƙwabcinsu mabiyin addinin Hindu ne ya ɓoye su kwana uku a ɗakin ajiyar hatsi. Na kasa barci. Me ya jawo wannan?

Malam_Tarihi:
Ɗana, ranar 31 ga Oktoba 1984 masu gadin firaministar Indiya Indira Gandhi biyu, 'yan Sikh, suka harbe ta, bayan sojoji sun kutsa babban wurin ibadarsu a Amritsar a watan Yuni. Sai 'yan daba suka bi 'yan Sikh gida-gida da kananzir don ramuwar gayya, ana rataya wa mutum taya a wuya a cinna wuta. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 2,733 aka kashe a Delhi kaɗai. Unguwar Trilokpuri ta ga tashin hankali.

Hajiya_Mai_Goro:
Innalillahi! Maƙwabcin nan fa ransa ya saida, da an gano da gidansa ma ya ƙone. An hukunta wani kuwa?

Malam_Tarihi:
Hajiya, sai a 2018 aka yanke wa Sajjan Kumar, ɗan jam'iyyar Congress ta Indira Gandhi, ɗaurin rai da rai kan hannunsa a kashe-kashen. Shekara 34 matan waɗanda aka kashe suna zaryar kotu.