Wai halitta ma tana da sabo?

Ɗan Samaru:
Salam 'yan uwa. Jiya da yamma ina dawowa daga gona na tsaya ina kallon wani ƙaton suri a bakin hanyar Shika, nace wai waye ya koya wa gara gini haka, ba malami ba zane. Sai na tuno maganar wani Bature ɗan Ingila, Rupert Sheldrake, a littafinsa na 1981 yace duk abin da wani jinsin halitta ya yi ta maimaitawa sai ya zama sabo, na baya su tsince shi da sauƙi ko da basu taɓa haɗuwa da na farko ba. Har ya kawo misalin ɓerayen da wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, McDougall, ya fara gwaji da su tun 1920, wai 'ya'ya da jikoki sun fi iyayensu saurin gane hanyar fita daga tankin ruwa. Wallahi abin ya tsaya min a rai, dan Allah masana ku warware min.

Maman Ilham:
Ƙanina ka bi a hankali. An sake wannan gwajin a birnin Melbourne na Ostareliya kusan shekara 20, sai aka ga har ɓerayen da ba a taɓa horar da iyayensu ba suma sun ƙara sauri, shi Sheldrake yace to ai hujjata kenan, amma masu gwajin sun ga saurin yana hawa yana sauka ne tare da lafiyar ɓerayen. Ni abin da ke damuna, in sabon gaskiya ne me yasa duk shekara sai na sha fama da 'yan aji ɗaya kan jadawalin sau, bayan miliyoyin yara sun haddace shi kafin su?

Malam na Tudun Wada:
Ai mu wannan ilhama muke ce masa. Duba Suratun Nahli aya ta 68, Allah ne ya kimsa wa ƙudan zuma ya yi gida a duwatsu da bishiyoyi. Bincike ba laifi, amma a san ina tushen yake.

Ɗan Samaru:
Allah ya saka Malam. Anti maganar jadawalin nan ta kama ni gaskiya. Amma fa mutumin ba ɗan tasha bane, digirin digirgir ya yi a Cambridge, ya yi aikin amfanin gona da cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Indiya, ita dai wadda ke da ofis a Kano, shi yasa na kasa watsar da zancen. Anti kina da cikakken bayanin gwajin Melbourne ɗin ki turo min?