Waɗanda suka taɓa hawa dutse don ɗaukar hoton shirwa ko gaggafa, ku ba mu labari

Mai buɗe zance, Kano: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Asabar uku ke nan ina hawa Dutsen Dala da kyamarata bayan sallar asuba. Burina in samu shirwa tana shawagi, rufin gidajen birni a ƙarƙashinta. Amma kullum baƙin ɗigo nake dawowa da shi a kan farin sama. Ku da kuka riga ni, yaya kuka yi?

Daga Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, sammakon ne ya hana ka. Ni ma na yi wata biyu ina haka a Kufena, sai wani Bafulatani mai kiwo a gindin dutsen ya ce min in jira hantsi. Gaskiyarsa. Sai ƙasa ta ɗumama, iska mai zafi ta fara tashi, sannan suke shimfiɗa fiffike ta ɗauke su. Wajen ƙarfe goma na ga shirwa biyar suna kewaye ƙasa da inda nake zaune. Amfanin hawa dutse ke nan: kana kallon bayanta, ga ruwan ƙasan gashinta, ga wutsiyar nan mai baki biyu tana murɗa ta, gonakin dawa a bayan hoton maimakon farin sama. Ka ba rana baya, ka sa saurin ɗauka a 1/2000 na daƙiƙa. In dole ta bi ta samanka, ƙara haske mataki ɗaya, don hasken sama na ruɗin kyamara ta duhunta tsuntsun.

Daga Bauchi: Ni gaggafa na bi, a Yankari, watan Maris. Kwana biyu ina fita daga sansanin Wikki zuwa bakin kogin Gaji ban gan ta ba. Rana ta uku ta fito, fuska ja, ƙafa ja, wutsiya gajera har ƙafafun sun zarce ta, tana karkata dama da hagu ba ta ko kaɗa fiffike. Hannuna rawa yake. Cikin hoto arba'in, biyu ne suka fita, ɗaya na rataye a falona.

Daga Jos: Malam, ka kula da hazo. A hunturu na hau tsaunukan Shere, ko kwarin da ke gabana bai fito ba. Watan Oktoba, da damina ta wanke sama, shi ne lokacin. Kuma don Allah kar ka yi taku idonka na cikin kyamara. Haka na zame ina bin wani shaho, gilashin kyamarar ya fashe, na yi sati biyu ina ɗingishi.

Daga Maraɗi: Ni ko dutse ban hau ba. An sa wa wata saura wuta bayan girbi, shirwa suka taru suna cafke fārar da hayaƙi ya kora. Da wayata na ɗauka, don kusa suke saukowa.

Daga Katsina: 'Ya'yana, ni ungulu nake nema. Muna yara, kwata ba ta rabuwa da su, har kora ake yi. Bara na zaga kwata uku da kyamara ban ga ko ɗaya ba. Tun 2015 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, ga masu kama ta suna sayar wa 'yan tsibbu. A ƙarshe na samu biyu a kan wata kuka, sun yi sheƙa. Na ɗauka daga nesa, ban faɗa wa kowa garin ba. Duk wanda ya ci karo da sheƙa, ina roƙonsa ya sa hoton kawai, ya ɓoye wurin.

Mai buɗe zance: Na gode ƙwarai, Baba, na kuma riƙe wannan. Ranar Asabar in sha Allahu sai ƙarfe tara da rabi zan hau Dala.