Karfasa ta cika tafki amma ta ƙi girma: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Baban Khalifa, Kumbotso:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tafkin ƙasa a bayan gonata, tun bara na zuba karfasa. Jiya yara suka ja taru, kifi kam ga shi nan kamar ƙasa, amma duk ba wanda ya kai tafin hannu. Abinci ina ba su, dusar masara da na buhu. Wasu sun ce in zuba tarwaɗa ta rage su, wasu sun ce in kwashe duka in sake sabon zubi. Wanda ya taɓa gani a tafkinsa ya taimaka.

Malam Ɗanjuma, Mariri:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, ba ciwo ba ne, halin karfasa ne. A tafki tana fara haihuwa tun tana wata biyar zuwa shida, ba ta jira ta girma. Macen a baki take rainon ƙwai, kuma duk lokacin da take ɗauke da su ba ta cin abinci, to ta ina za ta yi jiki? In ruwa da ɗumi, kusan kowane wata ko wata da rabi sai ta sake. Abincin da ka auna wa ɗari biyar, dubbai ne ke rabonsa. Ka duba gefen tafkin inda ruwa bai da zurfi, za ka ga ramuka zagayayyu, mazan ne ke haƙa su don saye mata. In sun yi yawa, ka san abin da ke faruwa.

Ni tarwaɗa na sa, wajen ɗaya ga karfasa biyar ko shida. Amma girman da za ka zuba shi ne magana. 'Yan ƙanana irin tsawon yatsa ba abin da za su iya yi wa waɗanda suka riga suka tasa. Ka nemi wadda ta ɗan yi ƙwari. Abin da ya sa na fi natsuwa da ita, ba ta cika hayayyafa a tafki da kanta ba, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke yi mata allura don ta saki ƙwai. Adadin da ka zuba ba zai ƙaru ya dame ka ba.

Injiniya, Hotoro:
Malam Ɗanjuma, ka yi min afuwa, a wurina tarwaɗa ba ta yi wannan aikin sosai ba. Muddin tana samun abinci mai yawo a saman ruwa safe da yamma, ba za ta wahalar da kanta da bin 'ya'yan karfasa ba. Sai da na rage mata abincin buhu sannan na ga bambanci, kuma a lokacin sai manyan suka koma kan 'yan'uwansu ƙanana, don tarwaɗa tana cin junanta in girma ya bambanta. Tufi, kifin nan mai kai kamar na maciji, ya fi ta iya farauta, matsalar samunsa ne, sai ka yi magana da masunta su riƙe maka mai rai.

Alhaji Ƙarami, Rijiyar Zaki:
Wani ya taɓa ba ni shawarar giwan ruwa daga Tiga. Kada ku soma a ƙaramin tafki. Ba ya shaƙar iska daga sama kamar tarwaɗa, ruwa na ɗan ɓaci zai mutu, in kuma ya rayu ba 'ya'ya kaɗai zai ci ba, har iyayen. Giwan ruwan da aka saka a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950 ya kusa ƙarar da ƙananan kifayen wurin, balle ramin da ke bayan gona.

Maman Amira, Panshekara:
Ni kuma ta ɗaya ɓangaren na zo wa abin. Tarwaɗa ce sana'ata, karfasar don ita na ajiye. Ina da ƙaramin tafki daban inda nake barinsu su yi ta haihuwa, duk mako a ɗebo ƙananan a watsa wa manyan tarwaɗa, wani lokaci a dafa a niƙa da dusa da ƙuliƙuli. Da tsadar buhun abinci yanzu, wannan ne ya riƙe ni. Abin da Baban Khalifa ke kuka da shi, ni shi nake nema.

Kuma karfasa ba ta buƙatar kashe kuɗi. Kashin kaji nake ɗaurewa a buhu in jefa a kusurwar tafki har ruwan ya yi kore, wannan koren shi ne abincinta. Ina gwadawa da hannu: in na tsoma har gwiwar hannu ina hango tafina dishi-dishi, daidai ne. In ya ɓace tun kafin nan, taki ya yi yawa, sai in cire buhun in ƙara ruwa. Ku riƙa leƙawa bayan sallar asuba, lokacin ne iska ke ƙaranci a ruwa. In kuka ga karfasa ta taso tana haki, kada a ba da abinci ranar.

Malam Ɗanjuma, Mariri:
Hajiya ta kawo abin da na manta. Sai dai a kula da hunturu. Daga Disamba zuwa Janairu ruwan Kano na yin sanyi, karfasa ta daina haihuwa, cin abincinta ma ya ragu. Wanda ya dogara da 'ya'yanta don ciyar da tarwaɗa, a watannin nan zai ga rumbu ya yi ƙasa.

Sarkin Taru, Wudil:
Mu da muka gaji sana'ar su, abin da muke yi wa masu tafki shi ne ragi. A ja taru mai ƙananan ido, a kwashe ƙananan da yawa, a mayar da manyan. Mata masu suya suna saye, a Kasuwar Galadima ma ba a rasa mai so. Wanda yake da haƙuri ya zauna ya ware maza, don namiji ya fi saurin girma. A ƙarƙashin ciki ake dubawa, namiji ƙofa biyu, mace uku. Amma mace ɗaya ta kuɓuce maka, bayan 'yan watanni an koma gidan jiya.

In kwashe duka za ka yi, Baban Khalifa, ka bari sai Maris ko Afrilu, rana ta busar da ƙasan har ta tsage. Ɗan ruwan da ya kwanta a sawun ƙafa ya isa ya ɓoye 'ya'yan karfasa. Kuma ka ɗaura raga a bakin bututun da ruwa ke shigowa, musamman in daga rafi kake ja, ta nan baƙin kifi da talibambam ke shiga.

Injiniya, Hotoro:
Sarki, tufin nan fa? In an samu masu rai kamar guda goma, ina so. Amma a ware masu girma ɗaya, kuma a kawo da sassafe kafin rana ta ɗumama ruwan jarkar.