Dillali ɗaya, la'ada biyu: riƙon amana ne ko cin tudu biyu?

Hajiya: Assalamu alaikum. Ga abin da nake gani game da cinikin gidaje a Amurka. Duk dillalin da ya ce wa mai gida "kada mu kai gidanka kasuwa, ina da masu saye a hannu", la'ada biyu yake hange. In shi ya kawo mai sayen, ya ci nan ya ci can. Wa ke da ja?

Tsohon Dillali: Wa alaikumus salam. Ni ina da ja, Hajiya, kin yi mana kuɗin goro. Akwai masu gidan da rufin asiri suke nema: wani aure ne ya mutu, wani bashi ya yi masa katutu, wani sananne ne ba ya so hoton ɗakin kwanansa ya riƙa yawo a intanet. Kuma gidan da ya daɗe a shafin talla, kowa na ganin kwanakin da ya yi da duk ragin da aka yi masa. Sai a ce yana da aibi, a fara tayin wulaƙanci.

Lauya: Alhaji, hujjarka ta rufin asiri tana da ƙarfi, amma ai an bar mata ƙofa. Ƙungiyar dillalan gidaje ta Amurka, NAR, ta amince da wata ƙa'ida a 2019, ta fara aiki a Mayun 2020: da zarar an tallata gida ga jama'a, ko da allo ne aka kafa a ƙofa, to cikin ranar aiki ɗaya sai an saka shi a MLS, rumbun da dillalan yanki ke ganin gidajen juna. Amma in mai gida ya sa hannu, gidan na iya tsayawa a cikin kamfani ɗaya ba tare da talla ba. A Maris 2025 ma an ƙara damar jinkirta fitar da shi shafukan intanet. Abin dubawa shi ne wa zai saya a irin wannan hali. Wanda ya ji labari, wato abokin cinikin kamfanin nan.

Hajiya: To ka faɗa da bakinka.

Tsohon Dillali: Ba ɓoye musu ake yi ba fa. A jihohin da aka halatta dillali ɗaya ya wakilci mai gida da mai saye, sai ɓangarorin biyu sun amince a rubuce. Wani lokacin har sassauta la'adar ake yi.

Lauya: Sa hannu daban, fahimtar abin da ka sallama daban. Dillalin ya san ƙarshen farashin da mai gida zai iya sallamawa, ya kuma san iya inda mai saye zai iya kaiwa. Ba shi da ikon faɗa wa ko ɗaya sirrin ɗayan. Ba zai ce wa mai gida "yi albarka, zai ƙara" ba, ba zai ce wa mai saye "tsaya a nan, a matse yake" ba. In binciken gini ya nuna rufin na yoyo, bayan wa zai goya wajen neman ragi? Mutum biyu sun biya kuɗin shawara, babu wanda ya same ta. Taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa jihohi irin su Fulorida da Kolorado suka haramta. A can dillali na iya zama ɗan tsakani mai haɗa ciniki da takardu, amma ba zai ce shi wakilin kowannensu ba ne.

Ɗan Auta: Manya, ku gafarce ni. Su ma masu kururuwar a fito da komai fili ba don Allah suke yi ba. A Afrilun 2025 Zillow, shafin tallan gidaje a intanet, ya ce gidan da aka tallata amma ba a saka a MLS cikin kwana ɗaya ba, ba zai hau shafinsa ba. Compass, kamfanin dillalai mai tallata gidaje ba tare da saka su a MLS ba, ya kai shi kotu a watan Yuni. Zillow kuwa da haɗa masu neman gida da dillalai yake samun kuɗi. Kowa aljihunsa yake karewa.

Malama: Gaskiya ne ƙanena, sai dai kun bar mai neman gida a baya. Dokar hana wariya a harkar gidaje tun 1968 take. In gidajen unguwa suna canja hannu tsakanin waɗanda suka san juna, baƙo da marar hanya ba za su ma ji ɗuriyarsu ba.

Tsohon Dillali: Dokar ai tana kan dillali ko a fili ko a ɓoye, Malama.

Malama: Tana kansa. Amma ta yaya zan kai ƙarar an hana ni gidan da ban taɓa jin ana sayarwa ba?

Hajiya: Alhaji, mu gwada ka. Za ka rubuta wa mai gida cewa in mai saye ya fito daga hannunka, la'adar ɓangare ɗaya kawai za ka karɓa?

Tsohon Dillali: Abin da zan yi, in miƙa mai sayen ga wani abokin aikina a ofis, kowa ya samu nasa wakili.

Lauya: Hakan ya fi, jihohi da dama sun yarda da shi. Amma la'adar biyu duk asusun kamfani ɗaya za su shiga.

Hajiya: Kuma ba ka ce e ko a'a ba, Alhaji. Ina jira.